Runduna ta 445 ta Jigilar Sama a Amurka

Runduna ta 445 na cikin rundunonin jigila na sojojin saman Amurka na ko-ta-kwana. Mazauninta sansanin Wright-Patterson ne, kusa da birnin Dayton a jihar Ohio. Akasarin mutanenta kowa na da sana'arsa a gari, wasu matuƙan jiragen fasinja, wasu ma'aikatan jinya, wasu makanikai. Atisaye ke haɗa su, ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a shekara, sai fa in kiran gaggawa ya zo.

Akwai saɓani kan shekarar kafa ta. Wasu na ƙirgawa daga 1994, lokacin da ta tare a Ohio, amma asalinta ya koma 1952, kuma wannan ne abin riƙewa, domin a tsarin sojan Amurka lamba da tuta su ne runduna, ko da mutane da gari sun sauya. A Buffalo ta jihar New York ta fara, da jiragen yaƙi. A 1957 aka mayar da ita sansanin Dobbins a Jojiya, ta koma dakon sojoji da kaya. An kira ta bakin aiki a Oktoban 1962 saboda rikicin makamai masu linzami na Kuba, sannan a Janairun 1968 bayan Koriya ta Arewa ta kama jirgin ruwan leƙen asirin Amurka mai suna Pueblo. A wannan karon sai tsakiyar 1969 aka sallame ta, aka kuma rufe ta a 1971.

An farfaɗo da ita a 1973 a sansanin Norton na Kalifoniya bisa tsarin haɗin gwiwa: jiragen C-141 na rundunar dindindin ne, 'yan ko-ta-kwana su kawo matuƙa da masu gyara, a riƙa karɓa-karɓa. Dabarar ta yi ma'ana, don jirgi ya fi mutum jure doguwar tafiya.

Sunan rundunar ya fi fita ne saboda jirgi guda, C-141 mai lamba 66-0177, wanda ake wa laƙabi da Hanoi Taxi. Ranar 12 ga Fabrairu 1973 shi ya ɗauko rukunin farko na Amurkawa fursunonin yaƙin Biyetnam daga filin jirgin Gia Lam na Hanoi zuwa sansanin Clark a Filifin, a aikin da ya mayar da mutum 591 gida. A nan ake yawan yin kuskure. A ranar, jirgin na hannun runduna ta 63 ta dindindin ne, kuma ba a ma sake buɗe ta 445 ba tukuna. Abin da ta 445 ta yi, wanda a ganina bai gaza wancan daraja ba, shi ne riƙon amanar jirgin a shekarunsa na tsufa. Ma'aikatanta sun adana sa hannun da fursunonin suka bari a jikin wani allo a cikinsa, an mayar masa da fentinsa na 1973, fari a sama toka-toka a ƙasa, kuma duk da haka bai daina aikin yau da kullum ba. A Mayun 2004 Manjo Janar Edward Mechenbier, wanda ya yi kusan shekara shida a tsare a Biyetnam, ya tuƙa shi zuwa Hanoi don ɗauko ragowar gawarwakin sojoji biyu. A 2005 jirgin ya kwashe mutanen da guguwar Katrina ta rutsa da su. Ranar 6 ga Mayu 2006 ya yi saukar ƙarshe a gidan tarihin sojojin sama da ke Wright-Patterson ɗin, kuma shi ne C-141 na ƙarshe da ya bar aiki.

A shekarun farko na yaƙin Iraƙi tsofaffin jiragen rundunar sun yi ta kwaso sojojin da suka jikkata zuwa Jamus da Amurka, har zuwa Satumbar 2005. Daga nan ta karɓi manyan jiragen C-5, sannan a 2011 C-17 suka fara isowa.