Kafin a Binne Tashe, a Duba Tarihinsa

Jama'a, duk lokacin da hotunan Lagos Comic Con suka fara yawo a Facebook, sai ka ga 'yan uwanmu suna ta dariya: ga ƙato da gemunsa ya sa kayan Spider-Man, wai shi jarumi. Wasu su ce ai lalacewar Turawa ce ta iso Legas. Ni kuwa tashe nake tunawa, wasan da a 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ke fitar da sanarwar hana shi idan azumi ya kama.

Bari mu fara da nasu. A 1939 aka yi babban taron masu sha'awar labaran ƙagen kimiyya a birnin New York, inda Forrest Ackerman da Myrtle Douglas suka zo cikin shigar mutanen wata duniya. Mutum biyu kacal. A 1970 aka fara taron San Diego da 'yan ɗaruruwan mutane, yau masu halartarsa sun haura dubu ɗari. Na Legas kuma a 2012 Ayodele Elegba ya assasa shi. Cikin abubuwan da suka ɗaga wannan harka har da kyamara. Ɗan jarida ya zo, ya tarar teburin littafi ba ya ɗaukar ido, sai ya juya kan masu shigar. Hoto ya fita, baɗi wasu su ɗinko wadda ta fi ta bara. A haka shiga ta zama sana'a, tela ya samu, mai hoto ya samu.

To mu fa? Tun kafin a haifi Ackerman, yaran ƙasar Hausa suke fita daga goma ga watan azumi cikin shigar wani. Masana da dama na danganta sunan da "tashi", wato tashin mutane sahur. Wanda ya girma a Bunkure ko Kura ya san kayan aikin: auduga ta zama gemu, gawayi ya zama gashin baki, tsumma a cusa a riga ya zama tumbi, gwangwani ya zama ganga. Ba sisi aka kashe ba.

Kuma ba shirme ba ne. Mai yin Tsoho da Gemu yana tuna wa gida haƙƙin tsoho. Jatau Mai Magani yana jero itatuwa da amfaninsu, yana kuma yi wa masu maganin ƙarya shaguɓe. A Mairama da Daudu, 'yan mata ne ke sa babbar riga da hula, suna koya wa junansu zaman aure. Malamin da ya yi rawa, da allonsa da buzunsa, shi ma bai tsira ba. A birni kuma ga Nalako, sarkin gwagware, da igiyarsa yana farautar wanda ya ƙi aure. A wata ɗaya tak cikin shekara, yaro na da izinin kwaikwayon babba a gabansa, babban ya yi dariya, har ya ba shi hatsi ko kwabo.

Matsalar ita ce kyamara ba ta taɓa yi wa tashe adalci ba. Tun zamanin Turawa ido yana kan doki da alkyabba. Hawan da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956 yana nan a fim, kuma a Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Madalla, abin alfahari ne. Amma tashe wasan dare ne, na yaran talakawa, a zaure da tsakar gida. Gidajen rediyo da talabijin kan ɗan taɓa shi cikin azumi, galibi na birni. Da wayar hannu ta zo kowa ya zama ɗan jarida, abin da ya fi yawo shi ne bidiyon 'yan daba da suka fake da tashe suna ƙwacen waya. Wanda bai san asali ba sai ya ɗauka wannan ne tashe.

Ban ce 'yan sanda ba su da hujja ba. Wanda aka sara a hanyar dawowa daga tarawihi ba zai saurari dogon tarihi ba, kuma rai ya fi wasa. Sai dai hani kaɗai ɗan daba ba ya jin sa, yaron kirki ne ke zama a gida. Idan aka jera shekara goma a haka, an sami tsarar da ba ta taɓa liƙa gemun auduga ba.

Mu a nan muna da dama. Tunda aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya sauko Kadawa, yankinmu ba ya mutuwa da rani. Yanzu azumi yana faɗowa a lokacin tumatir da alkama, matasa suna gida, ga ɗan abin hannu. Me zai hana dagatai da shugabannin firamare su ware yamma ɗaya bayan la'asar, a filin makaranta, a gaban iyaye? Masu manyan wayoyi ku ɗauka ku ɗora. Ku kuma zauna da tsofaffin unguwa ku naɗi waƙoƙin daga bakinsu tun suna raye.

Wane tashe kuka yi a garinku, kuma da me kuka haɗa shigar? Ku faɗa mana. Allah Ya kai mu azumi lafiya, Ya shirya mana zuri'a.