Arahar Gida da Tsadar Zama: Nazarin Kwatanci Tsakanin Biranen Shikago da Hiyuston

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta Shikago da Hiyuston, birni na uku da na huɗu a yawan jama'a a Amurka, ta fuskar magidanci mai matsakaicin samu ko na ƙasa da haka. An dubi tsarin filaye da gidaje, da sufuri, da haraji da albashi, da haɗurran yanayi, da kuma yadda alherin birni yake rabuwa tsakanin unguwanni. Nazarin ya gano cewa arahar gida a Hiyuston gaskiya ce, kuma dokokin filaye ne suka haifar da ita, amma birnin yana ɗora wa magidanci nauyin mota da inshora da asarar ambaliya. Shikago kuwa yana karɓar kuɗinsa tun da fari ta hanyar haraji, ya mayar da shi cikin ayyukan jama'a, sai dai rabon ba ya isa kowace unguwa daidai.

1.0 Gabatarwa

Ƙidayar jama'a ta 2020 ta ba Shikago, da ke jihar Ilinoi, mutum 2,746,388, ta ba Hiyuston, da ke jihar Teksas, mutum 2,304,580. A ƙidayar 1950 kuwa Shikago na da mutum 3,620,962, Hiyuston na da 596,163 kacal. Wato cikin shekara saba'in, ɗaya ya rasa kusan rubu'in jama'arsa, ɗayan ya ninka kusan sau huɗu. Masu sharhi da dama kan ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin hukunci: inda jama'a suka kwarara, can ne daɗin zama yake.

An yi gaggawar yanke wannan hukunci. A da, tsawon shekaru masu yawa, dokokin Teksas sun ba Hiyuston damar haɗiye ƙauyuka da filayen da ke kewaye da shi, har faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,650, alhali Shikago, wanda ƙananan garuruwa masu cin gashin kansu suka yi wa ƙawanya, bai wuce 590 ba. Da yawa daga waɗanda suka bar Shikago ba su yi nisa ba, bayan gari suka koma. Idan aka haɗa kowane birni da kewayensa, yankin Shikago na da mutum miliyan 9.6 a 2020, na Hiyuston miliyan 7.1. Saboda haka tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: idan abin zama ya yi tsada ko masifa ta auku, wa ke biya?

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Nazarin na kwatanci ne, ya dogara da alƙaluman Hukumar Ƙidaya ta Amurka, da dokokin biranen biyu da na jihohinsu, da ayyukan masana biyu na ilimin zamantakewa: Eric Klinenberg a kan Shikago, da Robert Bullard a kan Hiyuston. An zaɓi magidanci mai ƙaramin ƙarfi a matsayin ma'auni da gangan. Mai hali yana iya sayen sanyi a lokacin zafi, ya sayi tudu a lokacin ruwa, don haka rayuwarsa ba ta bayyana halin birni sosai.

3.0 Filaye da Gidaje

Hiyuston ne kaɗai babban birnin Amurka da ba shi da dokar da ke keɓe wa kowane yanki irin ginin da za a yi a cikinsa. Sau uku, a 1948 da 1962 da 1993, aka kai batun gaban masu zaɓe, sau uku suka ƙi. Shikago kuwa yana da irin wannan doka tun 1923, kuma bisa al'adar siyasar birnin kowane ɗaya daga kansiloli 50 yana da babbar murya a kan abin da za a gina a mazaɓarsa. Mai son gina gidajen haya masu yawa sai ya bi ta wannan ƙofa, kuma maƙwabta masu ƙin baƙi sun san inda za su kai kuka.

Abin da ya fi tasiri a Hiyuston shi ne gyaran 1998. Kafin nan mafi ƙarancin fulotin da za a gina gida ɗaya a kai murabba'in ƙafa 5,000 ne, daidai da fuloti mai ƙafa 50 sau 100 da aka saba da shi a garuruwanmu. Gyaran ya sauko da shi zuwa 1,400 a cikin ƙwaryar birni, sannan a 2013 aka faɗaɗa sassaucin zuwa sauran sassa. Sai ya zama filin da dā ke ɗaukar gida ɗaya yanzu yana ɗaukar uku, dogaye masu hawa biyu ko uku. Dubban irin waɗannan gidaje aka gina, kuma yawan ginin shi ya hana farashi tashi kamar yadda ya tashi a biranen gaɓar tekun gabas da na yamma. Yalwar gidajen haya ta kuma taimaka wa shirin yankin na tsugunar da marasa matsuguni, wanda ya rage yawansu da fiye da rabi daga 2011. A ra'ayin mai wannan nazari, wannan shi ne abin da Hiyuston ya fi cancantar yabo a kansa, kuma Shikago na da abin koyo a nan.

Amma rashin dokar bai zama 'yanci ga kowa ba. Unguwannin masu hali, irin su River Oaks, suna da yarjejeniyoyi a cikin takardun mallakar gidajensu da ke hana kafa masana'anta ko shago, kuma hukumar birni tana taimakawa wajen tilasta su. Unguwar talaka da ba ta da irin wannan takarda ita ake kai wa abin da kowa ya ƙi. Bullard, wanda ya tattara hujjoji domin wata shari'a ta 1979, ya nuna cewa dukkan manyan jujin shara biyar mallakar birnin a unguwannin baƙaƙen fata suke, haka ma shida daga cikin wuraren ƙona shara takwas. Har yau mazauna unguwar Manchester, a bakin mashigin jiragen ruwa da aka buɗe a 1914, katanga ce ta raba su da matatun mai.

4.0 Sufuri

Jirgin ƙasa na cikin Shikago ya fara aiki a 1892, yanzu yana da layi takwas da tashoshi sama da 140, kuma layuka biyu, Ja da Shuɗi, ba sa tsayawa dare da rana. Fiye da rubu'in gidajen birnin ba su da mota. A Hiyuston sai a Janairun 2004 aka buɗe layin jirgi na farko, har yanzu layuka uku ne masu tsawon kilomita 37 ko kusa da haka, a birnin da ya kusa ninka Shikago sau uku a faɗi. Gidajen da ba su da mota ba su kai ɗaya cikin goma ba. Babbar hanyar Katy, wadda aka gama faɗaɗawa a 2008, ta kai layi 26 a wasu wurare idan an haɗa da na gefe, kuma cunkoso bai bar ta ba.

Ma'anar wannan ga magidanci a bayyane take. Miji da mata masu aiki a Hiyuston mota biyu suke buƙata, kowace da bashinta da inshorarta da manta da gyaranta. Abin da aka rage a kuɗin haya, kaso mai yawa nan yake tafiya. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Ranar da mota ta lalace kuma babu kuɗin gyara, aikin ma yana iya tafiya.

5.0 Haraji, Albashi da Lafiya

Teksas ba ta karɓar harajin albashi. Ilinoi tana karɓar kashi 4.95 cikin ɗari daga kowa tun 2017. Harajin saye a shekarar 2024 kashi 8.25 ne a Hiyuston, 10.25 a Shikago, harajin gida kuwa mai nauyi ne a duka biyun. Ga likita ko injiniyan kamfanin mai, wannan bambanci kuɗi ne mai kauri. Ga mai wanke-wanke a gidan abinci lissafin ya juye: mafi ƙarancin albashi a Hiyuston shi ne na tarayya, dala 7.25 a awa, wanda bai motsa ba tun 2009, alhali a Shikago ya kai dala 16.20 a Yulin 2024.

Haka batun lafiya. A Hiyuston ne Cibiyar Kiwon Lafiya ta Teksas take, mafi girman tarin asibitoci a duniya, amma jihar ta ƙi faɗaɗa shirin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, wanda Ilinoi ta faɗaɗa a 2014, kuma Teksas ce kan gaba a duk jihohi wajen yawan marasa inshorar lafiya. Sai dai harajin Shikago ma ba duka yake komawa ga mai biya ba. Bashin fanshon ma'aikatan birnin ya haura dala biliyan 30, kuma kaso mai tsoka na kasafin kowace shekara can yake zurarewa.

6.0 Yanayi da Wanda ke Ɗaukar Asara

Abin da baƙo ya fi tsoro a Shikago shi ne sanyi, kuma da dalili: a Janairun 2019 ma'auni ya sauka zuwa kusan digiri 31 ƙasa da sifili. Amma sanyi ne da aka san lokacinsa, aka yi masa shiri. Dokar birni ta wajabta wa mai gidan haya ya riƙe ɗumin ɗaki a digiri 20 da rana, daga 15 ga Satumba zuwa 1 ga Yuni. Babbar masifar yanayi da ta faɗa wa birnin a zamanin nan zafi ce ta kawo ta: a Yulin 1995 mutum 739 suka mutu cikin kimanin mako guda. A littafinsa na 2002, Klinenberg ya kwatanta unguwanni biyu maƙwabta. A North Lawndale, inda shaguna suka rufe, jama'a suka watse, tsofaffi suka kulle kansu a ɗaki don tsoron titi, an mutu da yawa. A South Lawndale, mai kasuwanni da zirga-zirga, mutuwar kaɗan ce ƙwarai. Zafin ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne ko akwai mai ƙwanƙwasa wa tsoho ƙofa.

Masifar Hiyuston ruwa ce. Birnin shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa laka ce mai ƙin shan ruwa, wasu sassansa sun nutsa saboda yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma kwalta da siminti sun rufe fadamun da dā ke tsotse ruwan sama. An yi ambaliya a 2001, da 2015, da 2016, sannan a Agustan 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwan da ya haura milimita 1,000 a sassa da yawa cikin kwana huɗu, asarar da ta jawo ta kai kimanin dala biliyan 125. Abu biyu a nan sun shafi jigon wannan maƙala kai tsaye. Na farko, inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, kuma mafi yawan gidajen da ruwan ya ci ba su da ta ambaliyar. Na biyu, dubban gidaje an gina su ne a cikin faɗin da madatsun Addicks da Barker ke tara ruwa, masu saye da yawa ba su sani ba. Sauƙin ginin da ya kawo araha, shi ya kai mutane kwari. Masu zaɓen gundumar Harris, wadda Hiyuston ke cikinta, sun amince da rancen dala biliyan 2.5 a 2018 domin magudanai, mataki mai kyau da ya zo bayan ɓarna.

Ga kuma lantarki. A Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da layin wutar Teksas, wanda akasarinsa a ware yake daga na sauran ƙasar, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka mutu a jihar. A Yulin 2024 guguwar Beryl ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan biyu babu wuta a tsakiyar zafi mai gumi.

7.0 Unguwa Kafin Birni

Duk alherin Shikago da aka lissafa yana da iyaka ta taswira. Baƙaƙen fatar da suka yi ƙaura daga kudancin ƙasar tun daga shekarun 1910 an tattara su a kudanci da yammacin birnin, bankuna suka hana unguwanninsu rance, har Martin Luther King ya jagoranci gangamin neman adalcin gidaje a can a 1966. Tabon bai warke ba. Wani nazari na Jami'ar New York a 2019 ya nuna tsawon rai a unguwar Streeterville shekara 90 ne, a unguwar Englewood 60, a birni ɗaya ƙarƙashin magajin gari ɗaya. Kisan kai, wanda ya kusa 800 a 2021, shi ma a 'yan unguwanni ya taru. Wannan abin kunya ne ga birnin da ke karɓar haraji irin wanda yake karɓa.

Ga baƙo daga Afirka ta Yamma akwai wani ma'auni da alƙaluma ba sa kamawa, wato jama'a. Hiyuston na cikin biranen da 'yan Najeriya suka fi yawa a Amurka, musamman yankin Alief da titin Bissonnet, kuma a tsakiyar birnin akwai cibiyar da'awa da tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon ya kafa a 2002. Shikago na da titin Devon mai masallatai da mahautan halal. Darasin 1995 ya nuna cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne: kusanci da mutanen da za su neme ka yana cikin abin da ke tsare rai.

8.0 Matsayar Nazari

Iyali mai albashi biyu, da inshorar lafiya daga wurin aiki, da ƙarfin riƙe mota biyu, zai fi saurin mallakar gida a Hiyuston, da sharaɗin ya bincika tarihin ambaliyar fulotin kafin ya sa hannu, ya kuma sayi inshorar ambaliya ko da taswirar hukuma ta ce wurin tudu ne. Sabon zuwa mai aikin awa, marar mota, marar inshora, Shikago ya fi masa rufin asiri, muddin ya sami ɗaki kusa da layin jirgi a unguwar da kasuwanninta ke raye.