Daga Ƙofar Gari zuwa Hanyar Kewaye: Kano da Ƙasarta ta Yamma

A zamanin da, darajar hanya ita ce ta kai matafiyi cikin birni. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, sa'an nan a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar Kurmi. Tun daga lokacin, duk ayarin da ya taso daga yamma, ta ƙasar Ƙaraye da Rogo, sai ya bi ta ƙofa, ya sauka wurin fatoma, dillali ya sayar masa da kaya. Watau arzikin birni ya dogara ne ga tsayawar baƙo.

Zuwan Turawa ya fara sauya wannan tsari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a bayan ganuwa aka kafa tasharsa, kantuna da cinikin gyaɗa kuma suka taru kusa da ita. Daga baya manyan motoci suka karɓe dakon kaya daga hannun jirgi, har ya zama direban da ya ɗauko kaya daga Zariya zuwa Katsina ko Maiduguri ba shi da bukatar birni, birni kuma ba ya bukatar cunkosonsa.

Wannan ne ya haifar da hanyar kewaye, wadda jama'a ke kira baifas. Aka fara gina ta gabas, wadda ta haɗa titin Zariya da na Maiduguri da na Haɗejiya. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar ta yamma, daga titin Zariya zuwa Dawanau a kan titin Katsina, aikin da ya shafe fiye da shekara goma ana yi. Amfaninta ga mutanen yamma a fili yake. Tun da ta ratsa titin Gwarzo, motar da ta ɗauko masara daga Kwanyawa tana iya juyawa zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau ba tare da ta kai Ƙofar Kabuga ba.

Amma fa hanya gonaki take ci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da ta tanada kuwa ta amfanin gona ce da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Manomi yakan karɓi kuɗin itatuwansa, alhali kuwa filayen da ke gefen kwalta sukan yi tsada, ribar ta tafi ga wanda ya riga shi sanin inda hanya za ta bi.

Har wa yau, kasuwa bin hanya take yi. Hanyar gabas da aka gina a bayan gari yanzu gidajen mai da garejoji da unguwannin Hotoro sun rufe ta, ta koma titin cikin gari. Ba injiniya ne ya gaza ba. Rabon filaye ne ya riga tsari. Saboda haka makomar hanyar yamma tana hannun ma'aikatan ƙasa da safiyo da na tsara birane. In sun tsare gefenta, manomin Ƙaraye zai daɗe yana morar ta. In kuwa sun bari an cinye shi, nan gaba sai an sake neman gonakin wasu talakawan, a gina kewayen kewaye.