Tarihi: shekarar da Paris ta rubuta sunayen masu zanen Afirka

Yau za mu koma shekarar 1989, birnin Paris, inda aka yi wani baje kolin zane da sassaƙa mai suna Magiciens de la terre, wato masu sihirin duniya.

Don a gane nauyin abin, sai mun waiwaya baya. A 1931 Faransa ta yi babban bikin nunin ƙasashen da ta mallaka, a dajin Vincennes. Kayanmu aka jera, har da mutanenmu, don ƴan kallo. A 1984 kuma, gidan zane na MoMA a New York ya ajiye sassaƙen Afirka kusa da aikin Picasso. Shi Picasso da sunanshi da shekarar aikinshi, namu kuwa sai dai sunan ƙabila. Kamar ba hannun wani ya yi su ba.

To, wannan ne Jean-Hubert Martin ya ce zai gyara. Ya gayyato masu fasaha kusan 100, rabi daga ƙasashen Yamma, rabi daga sauran duniya, kowa da sunanshi. Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu ta zane bangon gida irin na Ndebele. An kawo akwatinan gawa na Kane Kwei na Gana, masu siffar dabba ko mota. Akwai Chéri Samba na Kinshasa, da Cyprien Tokoudagba na Benin.

Amma fa an sha suka. Na farko, wa ya yi zaɓen? Turawa. Na biyu, sun fi ɗaukar waɗanda suka koyi aiki a gida, suka tsallake ƴan Afirka da suka yi makarantar zane, sai ka ce ɗan Afirka in ya yi boko ya daina zama na ainihi. Kuma me ya sa "masu sihiri"? Ga wani hoto da har yau ake gardama a kai: katon da'irar laka ta Richard Long ɗan Ingila a saman bango, zanen ƴan asalin Ostareliya na Yuendumu kuma a ƙasa.

Duk da haka ƙofa ta buɗe. A 1992 bikin Dakar ya koma na masu zane, shi ne Dak'Art na yau. A 2002 Okwui Enwezor, ɗan Najeriya, ya shugabanci Documenta a Jamus, a 2015 kuma bikin Venise. Wanda ake zaɓa jiya, yau shi ke zaɓe.

Mu kuma fa? Ku zaga unguwar Birni a Damagaram, ku dubi zanen da ke bisa bangon tsofaffin gidaje. Mutum nawa cikinmu zai iya faɗin sunan maginin da ya yi shi? In muna ƙorafin Turawa sun ɓoye sunayen namu, to mu fara tambayar dattawa tun suna raye, mu rubuta. Allah ya ba mu iko.