Ƙwan da Ya Jira Ruwa Shekara Ɗari Uku

A shekarar 1885, wani masanin dabbobin ruwa ɗan ƙasar Norwe, Georg Ossian Sars, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi a birnin Kiristiyaniya, wato Oslo ta yau. An aiko masa da busasshiyar laka daga Ostareliya, ya zuba ta cikin kwalabe, ya ƙara ruwa, ya zura ido. Ba a jima ba sai ga ƙananan halittu suna iyo a ciki, dangin jatan lande da ƙaguwa, waɗanda akasarinsu ba su kai ƙwayar gero ba. Bayan shekara 10 ya sake wallafa irin wannan aiki da lakar Afirka ta Kudu. Ta haka ya siffanta halittun nahiyoyi masu nisa daga cikin ɗakin bincikensa.

Duk wanda ya san gaiwa ya san dabarar tsira daga rani: takan shige cikin laka, ta lulluɓe kanta, ta jira damina. Dabarar waɗannan halittu dabam take. Idan kududdufi ya ƙafe, iyayen mutuwa suke yi. Ƙwai ne ke saura. Dafniya, wadda ake yi wa laƙabi da ƙumar ruwa, misali ce mai kyau. Muddin akwai yalwa, mata kan haifi mata ba tare da namiji ba. Da zarar abinci ya ragu ko wuri ya cunkushe, sai maza su bayyana, a yi barbara, macen ta saka ƙwai biyu cikin wani kube mai tauri da ke bayanta. Kuben ya nutse cikin laka, ɗan tayin da ke ciki ya dakatar da girma, aikin jikinsa ya yi ƙasa har ya kusa tsayawa. A haka yake jure zafi da sanyi da bushewa.

Ba kuma duka ƙwan ke ƙyanƙyashewa da ruwan farko ba. Wani kaso yakan yi kwance har wata shekara, domin ruwan farko na iya ƙafewa kafin 'ya'yan su balaga. Tamkar manomi ne da ba ya juye dukan irinsa a shukar farko. Shekara bisa shekara, ƙwan da bai fashe ba yana taruwa, laka ta zama rumbu.

Shin tsawon wane lokaci ƙwan zai iya jira? Sai a 1995 aka sami amsar da ta girgiza masana. Nelson Hairston na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun haƙo laka daga ƙasan wani ƙaramin tafki mai suna Bullhead a jihar Rhode Island ta Amurka. Laka tana kwanciya ne hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, don haka ana iya ƙiyasta shekarun kowane hawa. Daga hawan da ya kai kimanin shekara 330 suka ɗauko ƙwan wani nau'in waɗannan halittu, ya kuma ƙyanƙyashe.

Daga nan laka ta zama kundin tarihi. Tafkin Konstans, wanda Jamus da Suwizalan da Ostiriya suka kewaye, ya gurɓace da sinadarin fosfaras a shekarun 1960 da 1970, har wani gansakuka mai dafi ya yawaita. A 1999 Hairston da tawagarsa suka nuna cewa Dafniyar da aka farfaɗo daga lakar ƙarshen shekarun 1970 ta fi ta farkon gurɓacewar jure cin wannan gansakuka. An ga sauyin halitta da ido, kaka da jika suna iyo a ɗaki ɗaya. A 2014 kuma wasu masana suka ba da rahoton ƙyanƙyashe ƙwan Dafniya mai kimanin shekara 700 daga wani tafki a jihar Minnesota.

Wannan tarihi yana da nauyi ga duk inda ruwa ke zuwa ya tafi, har da kududdufan Sahel da ke cika da damina su tsage da rani. Fari ba ya kashe irin wannan wuri, domin mazaunansa sun daɗe da shirya masa. Abin da ba su shirya masa ba shi ne a cike ramin da shara, ko a kwashe lakar, ko a malale shi da siminti. Busasshen kududdufi ba kango ba ne. Masu gidan na nan a ƙasa, suna jiran ruwa.