Tarihin ha.po: Fassara Gona Ce, Sai Da Noma

Mu nan Abakpa, kamar ko'ina a Kaduna, in mutum ya kunna kwamfuta Turanci ke fara yi masa sallama. Da yawa sun ɗauka ba a taɓa gwada sa mata Hausa ba ne. An gwada, kuma tarihin nan nake son mu waiwaya.

A 1995 ƙungiyar GNU ta fito da tsarin gettext. Dabarar ita ce a tsame duk kalmomin da manhaja ke nunawa, a zuba su a fayil guda, kowane harshe da nasa. Namu sunansa ha.po. A ciki, layin msgid na ɗauke da Turanci, na ƙasansa, msgstr, nan mai fassara ke rubuta Hausa. A 2004 Translate.org.za ta Afirka ta Kudu ta samar da Pootle, don mutane su yi aikin tare ta intanet. A 2006 kuwa, masu Wazobia Linux a Najeriya suka fassara sassan GNOME zuwa Hausa, Yarbanci da Ibo.

To, ina gizo ke saƙar? GNOME na fitar da sabon zubi duk wata shida. Da zarar an sauya jimlar Turanci, ko da kalma ɗaya ce, sai a yi wa fassararta alamar shakku, manhaja ta daina nuna ta har sai wani ya duba. In babu mai dubawa, Hausar ta riƙa zubewa layi-layi, Turanci na maye gurbinta.

Ga kuma rigimar rubutu. Tun shekarun 1930, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka tsayar da ɓ, ɗ da ƙ. Amma a Najeriya muna rubuta 'y, a Nijar ƴ. Mutum biyar a kan fayil guda, in ba su yi ittifaƙi kan ƙa'ida da jerin kalmomi ba, sai manhaja ta yi magana da baki biyar.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, ba masu fassara muka rasa ba, masu kula muka rasa. Marubutanmu sun fi kowa sanin zaƙin Hausa, kuma fayilolin a buɗe suke ga kowa, kyauta. Wa zai ɗauki fartanya?

Allah Ya sa mu dace.