Kakin karnoba da tarihin sheƙi a hanyar Parakou

Mutane da yawa suna ɗaukar goge mota da kaki a matsayin ƙawa kawai, aikin mai kuɗin da ya rasa inda zai kai su. Tarihin sana'ar bai goyi bayan wannan zato ba, kuma Parakou wuri ne da ya dace a duba batun, domin gari ne da ya rayu a kan kayan da ke wucewa. Tun zamanin da fataken Hausawa ke ɗauko goro daga Salaga a ƙasar Gwanja su nufi Kano, ayari yana yada zango a Djougou da Parakou. Da layin dogo daga Kwatano ya iso a 1936, garin ya zama inda ake sauke kaya daga jirgi a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanville da Gaya da Yamai. Daga baya motocin Baljiyam suka bi wannan hanya jere-jere. Mai wankin mota a unguwar Kpébié yau yana aiki ne a kan tsohuwar hanyar ciniki, inda fuskar kaya take da farashinta.

Bahaushe bai koyi darajar sheƙi a wurin Bature ba. Mabugan Kura, kusa da Kano, sun daɗe suna bugun rawani da shuni har ya riƙa walƙiya, kuma Buzaye suna biyan kuɗi mai tsoka saboda wannan ƙyalli. Abin da mota ta kawo sabo shi ne sinadarin, wato kakin karnoba, wanda ya fito daga nesa. Karnoba wata bishiya ce mai kama da giginya, tana tsiro a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piauí da Ceará da Maranhão. Ganyenta yana fitar da kaki domin ya hana ruwan jikinsa ƙafewa a fari. Da rani ake yanke ganyen, a shanya, a kakkaɓe garin da ke kansa, a narka a tace. Mafi daraja shi ne mai hasken rawaya da ake samu daga ƙananan ganyen da ba su buɗe ba. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, shi kuwa karnoba sai ya haura 80, kuma wannan tazara ita ce dalilin da ya sa yake tsayawa a kan rufin motar da ta wuni a rana.

Kaki ya shiga harkar mota ne saboda raunin fenti. Motocin farko ana shafa musu fenti irin na keken doki, mai ɗaukar makonni kafin ya bushe, ga saurin dusashewa. Ko da kamfanin DuPont ya fito da fentin Duco mai saurin bushewa, wanda General Motors ya fara amfani da shi a motocinsa ƙirar 1924, rana da ruwa ba su daina cin launi ba. Shi ya sa masu haɗa man goge katako da daɓe suka juyo kan mota. Muhimmancin abin ya kai ga a 1935 H. F. Johnson, shugaban kamfanin S. C. Johnson na Amurka, ya tashi a jirgin sama takanas zuwa Fortaleza domin ya ga bishiyar da idonsa ya tabbatar ba za ta yanke masa ba. Ba a yin irin wannan tafiya saboda ƙawa.

Akwai masu cewa a ƙasar hunturu wannan duk ɓarnar kuɗi ce, tunda motar da aka goge da safe kafin la'asar ta yi buɗu-buɗu. Gaskiya ne kaki ba ya hana ƙura sauka. Amma ɓarnar ba a saukar ƙura take ba, a share ta take. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana da kaifi, kuma duk lokacin da yaro ya ja busasshen tsumma a kanta, kankare fentin yake yi sannu a hankali. Idan akwai kaki, ƙurar ba ta kama jiki sosai, ruwa kaɗan ya isa ya tafi da ita, abin da ya goge kuma kakin ne. Wasu kuma suna cewa mayukan da ake haɗawa a masana'anta sun fi daɗewa. Wannan ma haka ne, domin karnoba a zafin nan ba ya wuce 'yan makonni zuwa wata biyu ko uku. Sai dai yana da sauƙin shafawa da hannu, kuskure a cikinsa yana gyaruwa, kuma ba ya buƙatar inji.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ha'inci: dillali ya sa a goge tsohuwar mota domin ido ya ruɗu. Wannan yana faruwa, kuma addini ya hana ɓoye aibin haja. Amma kaki ba ya rufe tsatsa, ba ya cike kwarzane mai zurfi, ba ya dawo da fentin da ya mutu. Abin da ke ruɗar mai saye shi ne man da ke da gari mai kaifi, wanda yake cinye saman fenti don sabon launi ya bayyana, ana kuma sayar da shi da suna ɗaya da kaki. Haka ma rubutun da ke cewa gwangwani karnoba ne zalla ruɗi ne: zallansa tauri gare shi kamar dutse, dole sai an sassauta shi da mai kafin ya shafu.

Saboda haka mai mota ya tambayi abin da za a shafa masa kafin a buɗe gwangwani. A wanke motar tas, a bar ta ta huce a inuwa, a shafa siriri ɓangare-ɓangare, idan ya yi fari-fari a goge da tsumma mai laushi mai tsabta. Wanda ya lafta shi da yawa a tsakar rana, ya yi asarar kakin kuma ya bar tabo a fenti.